Matar Mutum Kabarinsa: Tambayoyi a Kan Rabo da Ƙaddara

Wata malamar firamare daga Tudun Wada a nan Zariya ta rubuto cewa ta kalli wani fim na soyayya, inda iyaye suka raba saurayi da budurwarsa suka aurar da ita ga wani attajiri, bayan shekaru attajirin ya rasu, ta koma ta auri na farkon. A ranar ɗaurin auren sai kakar yarinyar ta ce, "Matar mutum kabarinsa." Malamar tana tambaya ko wannan ba cin fuska ba ne ga mata, tunda an kwatanta su da kabari.

Malama, babu cin fuska a ciki, domin abin da aka ɗauko daga kabari shi ne rashin sani da rashin makawa. Mutum bai san inda za a haƙa nasa ba, kamar yadda aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta nuna cewa rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba, kuma idan an haƙa, babu wanda zai shiga a madadinsa. Haka Bahaushe yake kallon aure: saurayi zai iya shekara yana zuwa zance a Ƙofar Doka, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, amma a ƙarshe a ɗaura masa aure da wata daga Samaru wadda bai taɓa tunaninta ba. Galibi ana faɗin karin maganar ne don rarrashin wanda aka hana, ko don kashe gardama bayan aure ya ɗauru, shi ya sa ta fi dacewa da bakin tsohuwa.

Wani ɗalibi daga Kongo kuma ya tambayi bambancin ƙaddara da rabo, saboda ya lura cewa 'yan fim suna musanya su yadda suka ga dama.

Ƙaddara aro ce daga Larabci, kuma ta ƙunshi duk abin da Allah ya hukunta, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai a maganar yau da kullum ta fi karkata ga marar daɗin, domin idan aka ce ƙaddara ta faɗa wa wane, ba wanda zai zaci ya samu ƙarin girma a wurin aiki. (Kada a rikita ta da kadara, wato dukiya, wadda jam'inta kadarori ne.) Idan abin ya zo ba zato kuma da ciwo, kalmar da ta fi dacewa ita ce tsautsayi, wanda ake cewa ba ya wuce ranarsa.

Rabo kuwa Hausa ce tsantsa, daga aikatau "raba", wato kason da ya faɗo wa mutum. Akasari alheri ne, shi ya sa ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ko da yake akwai mai rabon shan duka da ba ya jin bari. A sha'anin aure kalmar tana da wata ma'ana ta musamman da matasa da yawa ba su kula da ita ba, wato 'ya'ya. Idan aka ce amarya ta samu rabo, ciki ake nufi cikin sakaya da kunya, kuma idan tsofaffi suka ce akwai rabo tsakanin wane da wance, suna nufin akwai haihuwar da aka rubuta musu tare. Daga nan ne aka samu maganar nan mai nauyi cewa rabo yana kisa, wato wanda ya tsaya tsakanin mutum biyu masu rabo zai iya rasa ransa don rabon ya fito. Wannan fahimta ce ta al'ada, ba fatawa nake bayarwa ba, amma ita ce ginshiƙin fim ɗin da malamar Tudun Wada ta kalla: mutuwar attajirin, a idon kakar, aikin rabo ne.

A ganina, marubucin da ya sa jarumarsa ta ce "ƙaddara ce ta haɗa mu" a daren amarci ya yi kuskuren zaɓen kalma, domin kunnen Bahaushe zai ji kamar tana kuka da auren ne. Da ta ce rabo ne ya rantse, da maganar ta zauna daidai.

Tambayar ƙarshe daga Sabon Gari take, a kan "son maso wani ƙoshin wahala". "Maso" yana nufin "mai son", irin ginin da ake samu a "maci amana" da "mabi sarki", kuma ma'anar ita ce wanda ya nace wa wadda zuciyarta take wurin wani, wahala kawai zai ci ya ƙoshi.