Mu kai Baba Tombstone ko asarar kuɗin mai ce?

Tambaya: Salam Anti, a Tucson ta jihar Arizona a Amurka muke zaune, Baba ya zo mana daga gida kuma shi tun yana saurayi yake son fim ɗin kaboyi. An ce mu kai shi Tombstone, tsohon garin kaboyi, wasu kuma sun ce wajen tatsar baƙi ne kawai. Ya kike gani, kuma wace tsaraba za mu sayo?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, don Allah ku kai shi, tafiyar ma ba ta kai awa ɗaya da rabi ba a mota. Eh akwai tatsa, titin Allen shaguna ne reras kowa na jiran aljihunki, amma garin na gaske ne. Azurfa ce ta kafa shi, Ed Schieffelin ya gano ta a 1877, gari ya tsaya a 1879, da ruwa ya cika ramukan haƙar sai jama'a suka watse.

Harbe-harben O.K. Corral (musayar wuta tsakanin jami'an tsaro da wasu kaboyi kusa da wani wurin ajiye dawaki) da Baba zai so gani, ainihinsa ranar 26 ga Oktoba 1881 aka yi, wajen daƙiƙa 30 kacal, mutum uku suka mutu, su Wyatt Earp da Doc Holliday ne a ɓangaren jami'an tsaron. Yanzu kwaikwayonsa ake yi da tikiti kuma ba waje ɗaya ake irin wannan wasan ba, ku biya guda ɗaya ya isa. Sauran kuɗin ni dai a tsohuwar kotun 1882 zan kashe, can ne tarihin yake sosai, sai tsohon ramin haƙar azurfa na Good Enough in gwiwar Baba za ta iya sauka da hawa, kar ku matsa masa.

Wuraren da aka rubuta saloon mashaya ce, giya ake sayarwa, ki taho da abincinku a cikin kula, ki haɗa da ruwa mai yawa, rana ba ta wasa a can.

Tsaraba kuwa malafar kaboyi ta Baba ce, ya gwada da kansa kafin a biya. Zoben azurfa ki duba tambarin 925 a cikinsa, alamar azurfa mai kyau ke nan, kuma kar ki ɗauka daga ramin garin aka haƙo ta. In aka ce miki aikin hannun 'yan asalin ƙasar ne ki tambayi sunan maƙerin da ƙabilarsa, dokar Amurka ta 1990 ta hana yin ƙarya a kan haka, mai kayan kirki ba zai yi miki kwana-kwana ba.