Da gaske yaran Landan sun yi wasa a kangon da bam ya rusa?

Malam, ka tambaya ko murnar da yara ke yi a fim ɗin Hope and Glory ƙarin gishiri ce. Akwai gaskiya a cikin abin da fim ɗin ya nuna. Darakta John Boorman ya fitar da shi a 1987, kuma a kan ƙuruciyarsa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya gina labarin. Jiragen Jamus sun fara luguden wuta kan Landan ranar 7 ga Satumba 1940, aka yi ta yi dare bayan dare. Gari na wayewa yara ke fita tsintar ɓaraguzan ƙarfen bam, suna musaya da juna.

Maɓoyar da iyalai suka fi samu don tsira daga bam ita ce wadda ake kira Anderson: lanƙwasasshen kwano mai kauri, na mutum 6. A haƙa rami wajen ƙafa 4 a lambun gida, a kafa shi, a jibga ƙasa inci 15 a samansa. Tana tare ɓaraguzai, amma ba bam ɗin da ya faɗo kanta ba. Babbar matsalarta ruwa, don ramin kan cika, ga sanyi, shi ya sa wasu suka gwammace ƙarƙashin matakalar bene.

In da yara za ka kalla, fara duba shi kai kaɗai, akwai batun cikin da yayar yaron da labarin ke kansa ta yi da wani sojan Kanada.