Tambayi Likita: Dashen Ɓargo, Ƙwayoyin Asali da Batun Kwafin Ɗan Adam

Tambayoyin wannan makon sun karkata ne ga fanni guda, wato ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ake kira sitem sel, da kuma batun yin kwafin halitta. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta, ta jini daban, ta fata daban, ta ƙwaƙwalwa daban. Ƙwayar asali ita ce wadda ba ta riga ta kama aiki guda ba, saboda haka tana iya hayayyafa ta sabunta kanta, tana kuma iya rikiɗa ta zama wata irin ƙwayar da jiki yake bukata. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

Daga wata uwa a Rigasa: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara bakwai yana da sikila. An ce mana dashen ɓargo yana warkar da ita, amma wata maƙwabciyata ta ce da jariran da aka zubar da cikinsu ake yin maganin. Hankalina ya tashi.

Hajiya, Allah Ya ba yaron lafiya, kuma ki kwantar da hankalinki, domin dashen ɓargo ba shi da wata alaƙa da zubar da ciki. Ƙwayoyin da ake dasawa daga jikin mutum mai rai ake ɗaukarsu, galibi wa ko ƙane ko 'yar'uwar mara lafiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ana sa mai bayarwa barci, a kwantar da shi rub da ciki, a soka allura a ƙashin ƙugu ta baya a zuƙo ɓargon, ya tashi da ɗan ciwon ƙugu na kwanaki, jikinsa kuma ya mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Shi kuwa mara lafiya sai an fara ba shi magunguna masu ƙarfi da za su share ɓargonsa na asali, sannan a ɗaura masa sabon ta jijiya kamar ƙarin jini. A Najeriya an fara yi wa mai sikila wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan batun a 2003, ta kuma halatta ɗaukar ƙwayoyin asali daga baligi da izininsa, da yaro da izinin iyayensa matuƙar ba za a cutar da shi ba, haka nan daga mabiyiya da igiyar cibiya bayan haihuwa.

Abin da ya cancanci ki yi dogon tunani a kansa wani ne daban. Na farko, ba kowane ɗan'uwa ne yake dacewa ba, damar dacewar kowane ɗaya kashi 25 ne cikin ɗari, ko da yake mai AS yana iya bayarwa idan ya dace. Idan an samu dacewa kuma yaron ƙarami ne, kusan tara cikin goma suna rabuwa da ciwon, amma aikin yana da haɗari na gaske: sabon ɓargon yana iya juyawa ya yaƙi jikin yaron, ƙwayoyin cuta suna iya samun kafa a lokacin da garkuwar jiki ta faɗi, magungunan suna iya taɓa haihuwa a gaba, kuma akwai waɗanda suke rasa ransu. Na biyu, shi ɗan'uwan da zai bayar yana da nasa haƙƙin. Yaro ɗan shekara goma ba zai iya cewa a'a ba idan gida duka ya zuba masa ido, don haka ya wajaba a yi masa bayani daidai hankalinsa, kada kuma a taɓa nuna masa cewa ran ɗan'uwansa yana wuyansa. Ki kai yaron asibitin masu sikila a Barau Dikko ko Asibitin Koyarwa na Shika, likitan jini ya duba ko irin ciwonsa ya kai a yi maganar dashe. Kafin nan kada a yi wasa da rigakafin zazzabin cizon sauro, da shan ruwa isasshe, da maganin haidiroksiyuriya idan likita ya rubuta.

Daga wani magidanci a Kakuri: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga kuma ciwon suga. Wani abokin aikina yana sayar da garin sitem sel da ake zubawa a ƙarƙashin harshe, ya ce yana maganin duka biyun. In saya?

Malam, kada ka saya. Irin waɗannan 'yan fakitoci masu sheƙi suna yawan zuwa mana a cikin jakar majinyata, haɗe da takarda mai hotunan tuffa da inabi da jerin cututtuka tun daga hawan jini har rashin haihuwa. Ƙwayar asali abu ne mai rai, ba ta rayuwa a busasshen gari, kuma ƙwayar tsiro ba ta rikiɗa ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwar mutum. Lambar NAFDAC a jikin kwali, ko da ta gaskiya ce, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da shanyewar jiki. Har allurar da wasu asibitoci masu zaman kansu suke tallatawa da wannan suna ba ta da tabbas, domin a jihar Fulorida ta Amurka an yi wa wasu mata uku irinta a ido, ganinsu ya lalace ƙwarai. Babban abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda ake ajiye maganin suga da na hawan jini saboda an dogara da garin. Kuɗin da za ka kashe ka sa su a gashin ƙashi, da gwajin suga, da maganin Baba na yau da kullum.

Daga wata ɗaliba a Barnawa: Idan dashen ɓargo ba shi da matsala, to a ina ne malaman addini da masana kimiyya suke samun saɓani?

'Yata, saɓanin yana kan ɗan tayi ne. Idan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, a kwana na biyar ya zama ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin da suke iya zama kowane sashe na jiki. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ya yi nasarar ciro waɗannan ƙwayoyi ya raya su a ɗakin gwaji, sai dai ciro su yana nufin tarwatsa ɗan tayin. Tambayar da ta raba mutane ita ce matsayin wannan ƙullutu: mutum ne mai cikakken haƙƙi, ko kuwa mafarin mutum ne mai alfarma amma bai kai mutum ba?

Cocin Katolika tana kan cewa rayuwar mutum tana farawa ne daga lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi, don haka ba ta yarda a lalata ɗan tayi ba komai girman amfanin da ake hange, ko da yake tana goyon bayan bincike da ƙwayoyin manya da na cibiya. Malaman Musulunci kuwa sun duba matakan halitta da aka jero a Suratul Mu'uminun da kuma hadisin busa rai, wanda mafi yawansu suka fahimta a kan kwana 120. Zaman Makka na 2003 ya halatta amfani da ragowar 'yan tayin da suka saura bayan ma'aurata sun gama dashen ciki, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, idan su biyun sun yarda, amma ya haramta a zubar da ciki da gangan domin samun ƙwayoyin, ko a ƙirƙiri ɗan tayi takanas domin a tarwatsa shi. A Birtaniya dokar 1990 ta hana raya ɗan tayi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14.

Ra'ayina a matsayin likita shi ne, akwai bambanci babba tsakanin abin da ya saura wanda ba za a taɓa dasa shi ba, da kuma samar da rayuwa da niyyar mayar da ita kayan aiki, kuma na biyun ban yarda da shi ba. Wanda ya ƙi duka biyun ma ba maƙiyin ilimi ba ne, hasali ma damuwar irinsu tana cikin abin da ya ƙara wa neman wata hanya muhimmanci. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa da sinadaran gado guda huɗu ana iya mayar da ƙwayar fatar ɓera baya ta koma ta asali, a 2007 aka yi da ta mutum, a 2012 kuma ya samu kyautar Nobel. Wannan hanya ba ta taɓa ɗan tayi ko kaɗan. Mu kuma a nan akwai wata tambayar adalci da ba a cika yi ba. Maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado mai suna Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, farashinsa ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, alhali a Najeriya ne ake haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara.

Daga wani dattijo a Tudun Wada: Na rasa ɗana tilo a haɗarin mota. Na ji an ce Turawa suna iya sake halittar mutum daga gashinsa ko jininsa. Gaskiya ne?

Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba ka haƙurin wannan babban rashi. Zan gaya maka gaskiya ba tare da rufa-rufa ba, domin akwai masu neman abin duniya da suke fakewa da irin wannan baƙin ciki. Babu wani mutum da aka tabbatar an samar ta hanyar kwafi a ko'ina a duniya. Abin da aka yi a kan dabbobi ne. A ranar 5 ga Yulin 1996 aka haifi tunkiya mai suna Dolly a Cibiyar Roslin da ke Sikotilan, bayan Ian Wilmut da abokan aikinsa sun cire bayanan gado daga cikin ƙwan wata tunkiya, suka maye gurbinsu da na ƙwayar hantsar wata, sannan suka dasa a mahaifar ta uku. Ya ɗan yi kama da yadda manomi yake yanko karan rogo ya dasa ba tare da iri ba, sabon ya fito da kamannin tsohon. Sai dai a cikin ƙwai 277 da aka gwada, Dolly kaɗai ce ta rayu, ta kuma mutu a 2003 da ciwon huhu tana da shekara shida. A farkon 2018 aka sanar da yin kwafin birai biyu a ƙasar Sin, su ma bayan asara mai yawa. A yi wannan a kan mutane yana nufin ɓarin ciki barkatai, da jarirai masu nakasa, da mata masu yawa da za a jefa cikin haɗari.

Ko da a ce aikin zai yiwu lami lafiya, wanda za a haifa ba ɗanka ba ne. Tagwaye masu kama ɗaya bayanan gadonsu iri ɗaya ne, amma kowa da ransa da halinsa da hisabinsa. Jaririn zai zo ne bai san ka ba, bai san abin da kuka yi tare da marigayin ba, kuma za a ɗora masa nauyin zama wani mutum tun kafin ya san kansa, wanda zalunci ne a gare shi. Ga kuma rikicin nasaba da gado, domin ba a san ko ɗan wanda aka kwafa ba ne ko ɗan'uwansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta kwafin ɗan Adam a zamanta na Jidda a 1997, ta bar ƙofa a buɗe ga tsirrai da dabbobi bisa sharuɗɗa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar ƙin amincewa da shi a 2005, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta mai da shi laifi a Najeriya, da hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba. Idan barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka tsawon makonni, ka zo asibiti a duba ka, domin baƙin ciki mai tsanani yana da magani.

Daga wata budurwa a Sabon Tasha: Wata mata ta ce za a biya ni kuɗi idan na ba da ƙwayayen mahaifata, wai don bincike. Ina neman kuɗin makaranta. Akwai illa?

Ƙanwata, akwai. Ana yi wa mace allurai na sama da mako guda domin ƙwai su nuna da yawa a lokaci ɗaya, sannan a zuƙo su da doguwar allura ta farji. Wasu matan cikinsu yana kumbura ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya, jini ma yana iya daskarewa a jijiya, wanda kan kai ga kwanciya a asibiti. An taɓa ganin irin wannan cin amana a Koriya ta Kudu, inda Hwang Woo-suk ya yi iƙirarin samar da ƙwayoyin asali daga kwafin ɗan tayin mutum a 2004 da 2005, daga baya aka gano sakamakon na jabu ne, kuma cikin matan da aka ɗebi ƙwansu har da ƙananan ma'aikatansa. Sau da yawa a nan ƙwan ba bincike ake kai shi ba, wata matar ake dasa wa, abin da malaman Sunna suka haramta saboda cakuɗa nasaba, Cocin Katolika ma ba ta amince da shi ba. Bincike na gaskiya yana da takardar amincewar kwamitin kula da ƙa'idojin bincike, yana da sunan asibiti da na likitan da ke da alhaki, ana karanta miki takardar yarda da harshen da kike ji, kuma ba a turo dillaliya. Kada ki karɓi allura ko ɗaya daga hannun matar nan. Idan kuma an riga an fara yi miki, kika ji cikinki yana kumbura ko fitsari ya ragu, ki tafi sashen mata na babban asibiti a ranar, ki gaya musu ainihin abin da aka yi miki.