Gida a ƙasar waje da rabon gado

Malam, ka tambaya ko gidan da kake son saye a Faransa ko Ingila za a raba shi bisa shari'ar Musulunci bayan rasuwarka. Ba lallai ba ne, domin galibi kotun ƙasar da gida yake ita ke da ta cewa.

A Faransa doka ta ware wa 'ya'ya kason da wasiyya ba ta isa ta taɓa ba: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, kashi uku cikin huɗu idan uku ne ko fiye, kuma mace da namiji daidai suke. Tun 17 ga Agustan 2015 Tarayyar Turai ta ba mutum damar zaɓar dokar ƙasarsa a wasiyya, amma gara ka rubuta hakan ƙarara.

Ingila kuwa ta sakar maka mara ka rubuta yadda kake so, sai dai harajin gado kashi 40 cikin 100 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Abin da ya fi damuna shi ne sayen gida a Ingila da sunan mutum biyu a haɗe, ba tare da an ware kason kowa ba: idan ɗaya ya rasu, wanda ya rage ya ɗauke duka, sauran magada ko sisi. Ka ga lauya a can tun kafin ka sa hannu.