Amsa ga Kawu kan ɗaliban da ake kawowa Amurka

Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, kuma na ga gara in amsa a rubuce tunda ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba. Ka ce ƙanwata na son neman shirin nan na shugabannin ɗalibai da ofishin jakadancin Amurka ke tallatawa, kana so ka san me ake cusa musu. Ka kuma ce an gaya maka mu mazauna nan mun koma masu ja-in-ja da dattawa a wurin taro, kada ita ma ta dawo haka.

Shirin ana ce masa SUSI, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa. Ana zaɓo ɗaliban jami'a 'yan shekara 18 zuwa 25, su yi mako biyar ko shida: wajen huɗu a wata jami'a, sauran a yawon gani da ido har birnin Washington. An kuma kafa makamantansa, irin su YES na 'yan sakandare da majalisarsu ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, da na Mandela da aka fara a 2014 don matasan Afirka 'yan 25 zuwa 35.

Kada kowa ya ce maka sadaka ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su ma ba sa ɓoye cewa so suke wanda zai riƙe mulki gobe ya san su tun yau. Anwar Sadat na Masar da Margaret Thatcher ta Birtaniya duk sun zo irin wannan ziyarar kafin su hau mulki. Idan yarinya ta san haka tun daga gida, ta ɗauki abin da zai amfane ta ta bar musu sauran.

Abin da ake karantarwa a aji, wato tsarin mulkinsu na 1787 da rabon iko tsakanin shugaba da majalisa da kotu, ba baƙo ba ne a wurinta, don daga nan Najeriya ta kwaikwayo tsarin shugaban ƙasa a 1979. Abin da ke girgiza yaran yana can ƙasa, a zaman majalisar gari. Ana ware lokaci ga duk mai magana. Mutum ya rubuta sunansa a takarda, a kira shi, a ba shi minti uku, agogo na tafiya a gaban kowa. Na ga wata tsohuwa da sandarta ta tsaya tana yi wa magajin gari faɗa kan motar haya da aka daina biyowa da ita ta unguwarsu. Ba kirari, ba "ranka ya daɗe", shi kuwa yana zaune yana rubutawa. Da lokacinta ya cika ƙararrawa ta buga, ta koma kujerarta, aka kira na gaba, wani mai ƙorafin kwata. Kwamitin makarantun gwamnati zaɓensa ake yi, haka babban ɗan sandan gunduma. Zaɓen ma ba wata hukuma guda daga sama ke gudanar da shi ba, jihohi da gundumomi ne, kuma masu zama a rumfa maƙwabtanka ne, yawanci tsofaffin da suka yi ritaya.

Ba aljanna ba ce fa. Kuɗi na aiki a siyasarsu fiye da yadda kake zato, ana yanka mazaɓu don son rai, ga bindiga, ga masu kwana a titi cikin sanyi. Kowa ya ga yadda magoya bayan Trump suka kutsa majalisarsu ran 6 ga Janairun 2021. Shi ya sa idan baƙo ɗalibi ya faɗo hannunmu nan Greensboro, a jihar North Carolina, nakan kai shi tsohon kantin Woolworth, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ran 1 ga Fabrairun 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yanci, ɗalibai huɗu baƙar fata na jami'ar A&T suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa farare, aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane. Kafin ƙarshen Yuli kantin ya sauko. Kujerun na nan har yau. Sa'o'in ƙanwata ne, kuma babu wanda ya naɗa su shugabanni.

To, batun ja-in-ja da dattawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda aka kawo maka ba. Ƙungiyarmu ta haɗa 'yan Nijar da 'yan Arewa da 'yan zangon Ghana, kowa na zuba kuɗin wata don masallaci da jana'iza da wanda ciwo ya kwantar. Kuɗin nan gumin direban da ya kwana a hanya ne da matar da ta kwana tana jinyar tsofaffi. Ƙungiya mai rajista kuma dole ta kai bayani ga hukumar haraji duk shekara. Saboda haka ma'aji kan tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma yaro ɗan shekara ashirin na iya ɗaga hannu, ya gaida Alhaji, sannan ya ce ina rasiɗin gyaran rufi. Da farko dattawan sun ji zafin abin, wasu har sun yi yaji. Yanzu su ke fara tambaya. Har gobe dattijo ne ke buɗe taro da addu'a, shi ke zama gaba, shi ake fara zuba wa abinci, kuma ba mai kiran sunansa gatsau. Asusu ne dai ba a jin kunyarsa. In ƙanwata ta dawo da wannan halin, ni ban ga asara ba.

Game da addini, ba mai hana ta hijabi ko salla. Ta rubuta tun a takardar nema cewa ba ta cin naman alade, kuma tana buƙatar fita Juma'a in tana so. Yawanci akan kai su kwana ɗaya ko biyu gidan wasu Amurkawa, ta shirya ganin kare a falo. In Allah ya sa jami'ar na kusa da inda namu suke, waya ɗaya ta isa, matanmu za su kai mata tuwo da miyar kuka.

Abu guda ne ba ma yi wa kowa kara a kansa. Bizar J-1, ta masu zuwa shirin musaya, ake ba su, kuma wanda gwamnatinsu ta biya wa kuɗi akwai sharaɗin ya koma gida shekara biyu kafin ya nemi zama ko bizar aiki. Yaron da ya zo yana raɗa mana a ɓoye shi ya "ɓace", mukan ce masa a'a. Mun san rayuwar marar takarda, kuma gudun mutum ɗaya kan toshe wa na baya hanya.

Tun 2025 an tsaurara biza ga 'yan Najeriya da Nijar sosai, don haka kafin ta sa rai ta tabbatar daga shafin ofishin jakadanci na Abuja ko ƙofar a buɗe take bana. Nema kyauta ne, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai shigar da sunanta ɗan damfara ne. Ka ce ta turo mini abin da ta rubuta kan aikin da ta yi a ƙungiyar ɗalibai in duba mata kafin ta miƙa. A gaida su Inna da yara.