Kwamfutata ta fi ta kowa tsauri a jirgi: in bi ta ko in bi jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi tafiyar mako guda a irin jirgin ruwan nan da masu nutso ke kwana a ciki, ana shiga ruwa sau uku zuwa huɗu kullum. Daga rana ta uku, kwamfutar nutso da ke hannuna ta riƙa nuna lokacin da aka yarje mini a ƙarƙashin ruwa ya kusa ƙarewa, alhali sauran mutane suna da ragowar minti goma ko fiye. Kunya ta hana ni ɗago kowa saboda ni kaɗai. Wani ya ce in ajiye ta in ari wata mai sassauci. Ina shirin komawa. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan shawarar da aka ba ka, ka yi watsi da ita. Kwamfutar da ka fara tafiya da ita ita kaɗai ta san nutson da ka yi jiya da shekaranjiya. Wadda za ka ara a rana ta uku za ta ɗauka yau ka fara shiga ruwa, sai ta ba ka lokaci mai yawa, alhali jikinka na ɗauke da naitrojin na kwana biyu. In kuma wani ya riga ya yi aiki da ita, lissafinsa za ta ɗora maka. Duka biyun haɗari ne, domin naitrojin da ya taru a jiki yana iya jawo ciwo in mutum ya hau sama.

Kwamfutar nutso ba ta auna naitrojin da ke jikinka. Zurfi da lokaci take aunawa, sai ta yi hasashen yawan naitrojin da ya narke a jini da tsoka ta hanyar lissafi. Asalin wannan lissafin aikin John Scott Haldane ne na 1908, daga baya likitan nan na Suwizalan, Albert Bühlmann, ya inganta shi. Kwamfutoci da yawa, kamar na Shearwater, tsarin Bühlmann suke bi, kuma suna barin mai su ya zaɓi tsauri da lambobi biyu, misali 45/95 mai sassauci, 40/85 tsaka-tsaki, ko 35/75 mai tsauri. Wasu kuwa, kamar yawancin tsofaffin na Suunto, tsarin RGBM na Bruce Wienke suke bi, wanda aka sani da rage wa mutum lokaci in ya yi ta maimaita nutso, ko ya hau da sauri, ko hutunsa a sama bai yi tsawo ba. Ka ga ke nan mutum biyu za su iya sauka tare su hau tare, kwamfutocinsu su saɓa da minti goma, kuma babu wadda ta lalace.

Abin da ya sa matsalar ta fito a rana ta uku shi ne naitrojin kamar bashi yake. Sassan jiki masu saurin ɗauka suna saurin biya, amma masu jinkiri irin su kitse suna tarawa a hankali, kuma hutun awa ɗaya ko biyu tsakanin nutso ba ya isa su sauke duka. Kowace safiya da ragowar jiya kake shiga ruwa. Ko a nutson farko ma zurfi na cin lokaci sosai: a jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, minti 56 ne iyaka a mita 18, amma a mita 30 minti 20 ne kacal. To ina ga nutso na goma?

Yanzu ga zancen jama'a, kuma nan ne na fi son ka saurara. Ƙa'idar da aka sani ita ce, tsakanin abokan nutso biyu kwamfutar da ta fi tsauri ake bi. Ba a jefa ƙuri'a a kan wannan. Amma ƙarƙashin ruwa ba wurin shawara ba ne, babu baki sai alamar hannu, kowa kuma hankalinsa na kan kifin da ya biyo kuɗi don ya gani. A kan jirgi ake gama magana. Tun daren farko ka je wurin jagoran nutso ka nuna masa kwamfutarka, ka ce tana da tsauri a maimaici. Ka nemi a haɗa ka da wanda tasa ta yi kusa da taka, ko wanda bai damu da zurfi ba. Ku yanke lamba tun a sama: in ɗayanku ya ga saura minti biyar, zai buga kwamfutarsa da yatsa, ya nuna biyar, ku ɗaga sama mita huɗu ko biyar tare. Mafi yawan lokaci wannan kaɗai ya isa. Za ka ga lambar ta tashi daga biyar zuwa goma sha wani abu kana kallo, kuma kana saman ayarin kana hango su, ba ka raba kowa da nutsonsa ba. Jagora nagari ya fi son ya ji wannan tun a jirgi da ya waiwaya a mita 28 ya ga mutum ɗaya ya ɓace.

Kada ka hau kai kaɗai don gudun damun mutane. A wuraren da igiyar ruwa ke da ƙarfi, kamar mashigan tsibiran Maldibs ko Komodo, minti kaɗan sun isa ruwa ya yi nisa da mutum. Ku hau biyu, kowa da balan-balan ɗinsa na alama, a saki shi tun ana ƙasa don ƙaramin kwalekwalen da ke kwashe mutane ya bi ku. Hawa kada ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti uku a mita 5. Ni a irin wannan tafiya na fi son a mai da shi minti biyar, musamman daga tsakiyar mako, tunda babu abin da zai ci sai ɗan iska.

Akwai hanyoyin halal na samun ƙarin lokaci. Babba a cikinsu naitroks ne, iskar da aka ƙara wa oksijin aka rage naitrojin. Kwas ɗinsa gajere ne, kuma jirage da yawa suna da shi. Sai dai yana da iyakar zurfi: mai kashi 32 cikin ɗari bai kamata ya wuce kusan mita 33 ba, saboda oksijin a matsi mai yawa yana iya jawo farfaɗiya a cikin ruwa. Ka auna kashin oksijin da ke tukunyar iskarka da hannunka kowane nutso, ka shigar da lambar a kwamfuta. Wanda ya bar ta a kan 32 alhali iskar yau da kullum ce a bayansa, ya yaudari kansa. Sannan ka fara da mafi zurfi da safe, ka riƙa rage zurfi zuwa yamma. A rana ta uku ko ta huɗu ka tsallake nutso ɗaya ka kwanta, ka sha ruwa sosai. Na san da ciwo mutum ya biya kuɗi ya zauna yana kallon wasu suna tsalle cikin teku, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

In kwamfutarka mai canza tsauri ce, kana iya duba ko an ɗora ta a kan mataki mafi tsanani ba da saninka ba, ko an bar ta a saitin tsauni, wato na nutso a wurare masu tudu. Wannan a gyara shi kafin tafiya, da shawarar malamin nutso, tare da duba shekarunka da lafiyarka. Kada ka sassauta ta a tsakiyar mako don ka kamo wasu. In kuwa ka wuce iyaka har ta ba ka tsayuwar dole, wato dakatawa a wani zurfi kafin ka fito don naitrojin ya ragu, ka cika ta daidai. Wasu kwamfutocin suna kulle kansu awa 24 ko 48 in an tsallake wannan tsayuwa, kuma ma'anarsa ka zauna a jirgi har ta buɗe.

Abin da ke sa nake tsananta wa masu tafiyar jirgi shi ne nisa. Ɗakin matsin iska da ake jinyar ciwon da taruwar naitrojin ke jawowa yana iya kasancewa tafiyar awoyi masu yawa. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko akwai oksijin na gaggawa da zai isa har gaɓa, ina ɗakin jinya mafi kusa, wa ke ƙirga mutane da sunansu bayan kowane nutso. Ka kuma riƙe cewa mutum na iya kamuwa ko bai taɓa wuce iyakar kwamfutarsa ba. Ciwon gaɓa, ƙaiƙayi ko shatin fata, dindiris a hannu ko ƙafa, jiri, gajiyar da ta wuce misali: duk wanda ya ji ɗaya daga ciki ya faɗa nan take, a sa masa oksijin, a kira likita. Mutane kan ɓoye don kada a juya jirgi saboda su, jinkirin kuwa shi ke mai da ƙaramin abu babba. In ka ga abokinka ya yi shiru yana murza kafaɗa bayan nutso, ka tambaye shi kai tsaye.

Ka kuma tsara tikitin jirgin samanka da kyau. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 18 bayan nutso na kwanaki a jere, fiye da haka sosai in an yi tsayuwar dole. Bayan mako guda cur a ruwa, ni awa 24 nake ba mutane shawara, in kuma kwamfutarka ta nuna fiye da haka, ita za ka bi.