Garin kwakin da aka soya da manja

Wai kana tambayata, Sani, tunda masarar nan ruwan lemu ce kowa na gani, in bitamin A ɗinta muke so mu auna, me zai hana mu tatse ta mu sa a sipektiro, na'urar auna launi, mu rubuta lamba mu tashi, sai mun wuni a kan HPLC, na'urar da ke ware sinadarai ɗaya-ɗaya? Tambayar mai gaggawa ke nan. Ku yaran yanzu so kuke na'ura ta yi ƙara, ku ɗauki hoton lambar da waya, ku kama gabanku.

Sipektiro launi kawai take gani. Ka saita ta a tsawon zangon haske na nanomita 450, ta haɗa maka duk wani abu mai rawaya da ke cikin kwalbar, ka yi lissafinka da 2592, lambar da ake juya ƙarfin launi zuwa yawan bita-karotin da ita. A dankalin Hausa mai jan ciki ko ɗanyen rogo mai rawaya, wannan ya wadatar, don yawancin launin bita-karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Masara fa? Mafi yawan launinta lutin ne da ziyazantin, waɗanda ko buhu guda mutum ya ci ba za su zama bitamin A a jikinsa ba. Abin da ake nema bita-karotin ne, sai bita-kiriptozantin da ake lissafa shi rabi. Mikrogiram 15 a kowane giram masu inganta iri na HarvestPlus, shirin ƙara sinadaran gina jiki a amfanin gona, suka sa a gaba, kuma ba jimillar launi suke nufi ba. Sai kolom C30, bututun tacewa da ke cikin HPLC, ta ware maka kowa da layinsa.

Ni da na ga ranar da launi ya so ya rufe min ido, ba a wannan gardamar da ni. Bayan an fitar da rogo mai bitamin A a 2011, aikin cibiyoyin binciken noma na Ibadan da Umudike, kowa ya zama mai garin bitamin. Wani ɗan kasuwa ya shigo min da babbar riga tana ƙamshin turare, da ledojin garin kwaki rawaya jawur. Takarda yake so, mai sa hannuna, zai kai wa wata ƙungiya mai ciyar da yara. “Malam, ka duba mana da sauri, motata na jira.” Na ce bismilla. Sipektiro ta ba ni lambar da ko rogon da aka tono yau da safe ba zai bayar ba, balle garin da aka jiƙa, aka matse, aka soya a kasko. Suya rage karotin take yi, ba ta ƙara shi. Na ɗebi garin na murza a kan farar takarda, sai ga tabon maiƙo.

Na yi shiru na kunna HPLC. A zanen sakamakon, gab da bita-karotin sai ga wani tsauni ya miƙe, alfa-karotin, wanda rogo ba ya da shi haka. Manja ke da shi. Farin rogo ne mutumin nan ya sa aka soya da manja, yadda ake garin rawaya tun kaka da kakanni, yana so ya sayar da shi da sunan sabon iri. Da na gaya masa ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi: “To manjan ba bitamin ba ne?” Bitamin ne mana, amma ba shi ka rubuta a buhunka ba.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne kolom ɗin. Yaron da ke hannuna lokacin, mai rawar kai irinka, ya ci gaba da ɗura sauran samfuran ba tare da ya kashe man da sinadarin sabulu ba. Mai ya danƙare a ciki, layukan suka baje, na yi ta wanki a banza. Kaya ne na dala, sai an yi oda daga waje, a yi wata da watanni ana jira. Rogon wasu masu bincike ya lalace a hannuna, don rogo ba ya jiran kowa, da an tono shi ake son a gama da shi. Alhajin kuwa ko kwabo bai biya ba, wai ai bai samu abin da ya zo nema ba. Daga baya na ji ya samo takardarsa a wani wuri. Allah ya isa.

Niƙa da tacewa da wanke asiton ba zan tsaya koya maka ba, in ba ka iya ba ka koma aji. Amma busasshiyar masara ba ta sakin launinta haka nan: giram 3 na gari, ruwa mil 10, minti 30, sannan asiton mai sanyi, sinadarin da ke fito da launin. Ka sauke labulen nan, ka naɗe kowace kwalba da takardar alminiyam, kada zafin busarwa ya wuce digiri 35 na salshiyas, kuma da iskar naitirojin za ka ƙarasa. Jiya na ga ka bar samfur a bakin taga ka fita amsa waya. Zubar da shi, ka sake niƙa wani.